Daga Dutsen Habude Zuwa Gaɓar Mekong: Abin da Muka Binne da Abin da Muka Bari a Raye

Akasarinmu a nan Arewa ba mu san ƙasar Tailan ba sai a jikin buhun shinkafa. Ni ma haka nake, har zuwa ranar da wani abokina ɗan kasuwa, wanda yakan je Bankok sarin kaya, ya miƙo mini wayarsa a wajen wani ɗaurin aure a Birnin Kudu, yana dariya yana cewa, "Malam, dubi wautar mutanen nan." Hoton wani ɗan ƙaramin gida ne, bai fi akurkin kaji ba, an ɗora shi a kan ginshiƙi a ƙofar wani katafaren bene mai gilasai. An rataya masa furanni, an ajiye ayaba da ɗan kwanon shinkafa, ga kwalbar jan lemo a buɗe da tsinken zuƙa a ciki. Ya ce da wuya ka wuce otal ko banki ko gidan mai ba ka ga irinsa ba, wai ɗakin aljanin wurin ne. Muka yi dariya tare. Amma a hanyata ta komawa Surko da yamma sai dariyar ta ƙi zama, domin na tuna kakata, Allah Ya jiƙanta, wadda har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa watsa ruwan zafi a tsakar gida ba sai ta yi bisimilla, ta ƙara da cewa, "A kauce, a janye yara." Mu yaran gidan kuwa muna ɗaki. Da wa take magana? Tun ina ƙarami na san amsar, kuma na san ba a faɗa.

Wannan hoto ne ya sa na shiga neman abin da aka rubuta game da mutanen. Abu na farko da na gane shi ne Tailan reshe ɗaya ce kawai ta wata babbar zuriya da ake kira Tai, masu harsuna 'yan uwan juna. A cikinsu akwai mutanen Lawos, da Shan na ƙasar Bama, da Dai na lardin Yunnan a Sin, da Baƙaƙen Tai da Fararen Tai na arewacin Biyetnam, da danginsu Zhuang na Guangxi waɗanda suka fi kowace ƙaramar ƙabila yawa a Sin. Har Indiya sun kai: wani basarake mai suna Sukapha ya tsallaka duwatsu ya shiga Assam a 1228, ya kafa daular Ahom wadda ta yi kusan shekara 600. Yawancin waɗannan al'ummu sun karɓi addinin Buddha ƙarnoni da suka wuce, Ahom kuma suka karkata ga addinin Hindu. Amma a ƙarƙashin sabon addinin akwai wani tsohon gini da bai rushe ba, kuma kalmomi biyu ne ginshiƙansa.

Ta farko ita ce "phi", ana furta ta kamar "pi". Phi su ne halittun ɓoye: na gida, na gari, na gona, na kogi, na itace, da ruhin kakanni da suka shuɗe. Wasu masu kariya ne in an girmama su, wasu mugaye ne da ake tsoro. Ɗan gidan da abokina ya ɗauka hoto masauki ne da ake yi wa mai asalin filin, don kada ya ji an ƙwace masa wuri ya shiga damun masu gini. Gari ma yana da nasa. Da Sarki Rama na Ɗaya ya kafa Bankok a 1782, abin da aka fara kafawa shi ne ginshiƙin gari, kuma yana nan har gobe ana kai masa ziyara. A Assam kuwa, ranar 31 ga Janairu ta kowace shekara zuriyar Ahom suna taruwa don bikin tuna kakanni da suke kira Me-Dam-Me-Phi.

Ta biyu ita ce ta tsayar da ni, wato "khwan". A ganinsu jikin mutum yana da wasu ruhohi da ke riƙe da lafiyarsa da natsuwarsa, mutanen Lawos suna ƙirga su 32. Khwan matsoraci ne, mai saurin gudu. In mutum ya firgita, ko ya yi doguwar jinya, ko ya yi tafiya mai nisa, ko mace ta haihu, sai khwan ya fice ya bar jiki a sake. Sai dangi da maƙwabta su taru, a kewaye wani faranti da aka ƙawata da ganyen ayaba da furanni, wani dattijo ya yi ta kiran khwan da lallashi ya dawo gida, sa'an nan kowa ya ɗaura wa mutumin farin zare a wuyan hannu yana yi masa fatan alheri. A Lawos suna kiran taron "basi". Ana yi wa amarya da ango, ana yi wa ɗalibi mai tafiya karatu, ana yi wa baƙo.

Bahaushen da ya karanta wannan bai tuna da kurwa ba, to, a birnin Landan ya girma. Mu ma mun gaji cewa mutum yana da kurwa, ba ita ce rai ba amma rai ba ya jin daɗin zama in babu ita, tana iya fita ta bar mai ita a kwance, kuma ta yaro ta fi saurin razana. Ba ina nufin akwai wata dangantaka ta jini ko ta tarihi tsakaninmu da su ba, kada wani ya tashi gobe ya ce Hausawa daga Mekong suka zo, mun gaji da irin wannan tatsuniya. Manoma ne su, manoma ne mu. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan ruwan sama da lafiyar jariri, in ya dubi duhun daji, tambayoyi iri ɗaya yake yi ko a ina aka haife shi. Amsoshin ne suka ɗan sha bamban, kuma a wurin da suka sha bamban ɗin nake so mu tsaya. Sai dai kafin nan bari in koma gida.

Duk wanda ya taso a yankinmu ya san duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu: Habude, Mesa, Murufu, Zango. A ƙarƙashin rumfunan waɗannan duwatsu akwai zanen shanu da wasu hannuwa suka yi da jan launi da fari, tun zamanin da babu mai iya ƙidaya shi da sunan sarki. Abin lura, shanun ba su da tozo. Wasu dogon ƙaho gare su, wasu gajere irin na muturu, ba irin farfarun da Fulaninmu ke kora a yau ba. Wato mutanen da suka yi zanen sun zauna a nan da wasu dabbobi daban, a wata duniya daban, kuma sun ga shanunsu sun isa a dawwamar da su a jikin dutse. A 1955 wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya zo nazarin zanen, sai ya lura da wasu duwatsu masu ɗan kwarmi a jiki, alamar an daɗe ana dukansu a wuri guda. Da ya buga sai suka amsa da amo kamar ƙararrawa. Abin da ya rubuta a 1956 shi ya sa masana a duniya suka fara neman irin waɗannan duwatsu masu kiɗa, aka kuma same su a sassa da dama na Afirka da wajenta. Sunan Birnin Kudu yana farkon wannan babi na ilimi, a littattafan da mafi yawan 'ya'yan Birnin Kudu ba su taɓa gani ba. A 1964 gwamnati ta sa wuraren cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma hukumar gidajen tarihi tana da cibiya a garin saboda su.

Fagg bai samu duwatsun a matsayin kufai ba. Ya tarar al'adar aure ta garin tana da alaƙa da su, amare da ƙawayensu suna zuwa can lokacin biki. Na taɓa tambayar wata gwaggona, wadda aka yi wa aure kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, ko ta san wannan. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "Kai ɗan nan, me ya kai ka tonon jahiliyya?" Ta yi shiru, har na fid da rai. Can sai ta yi murmushi, ta fara ba ni labarin yadda 'yan mata ke tafiya cikin ayari, da yadda amon dutsen ke kaiwa har cikin gari. Da na ciro biro sai ta rufe baki, ta ce in na rubuta ba ta yafe ba. Ta rasu da sauran labarin.

Su kuwa Zhuang suna da nasu zanen a kan duwatsun gaɓar kogin Zuo a Guangxi, hotunan mutane da ja suna ɗaga hannuwa a kewayen gangunan tagulla. A 2016 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya. Ba na cewa namu sun kai nasu yawa ko girma. Ina cewa ne su sun san abin da suke da shi. Ranar da na kai 'ya'yana Habude, babban ya tambaye ni ko Turawa ne suka zana shanun.

Kada mai karatu ya ɗauka su mutanen Tai sun zauna lafiya da tsohon addininsu ba tare da rigima ba. A 1527 Sarki Photisarath na daular Lan Xang, wadda ita ce tushen Lawos ta yau, ya ba da doka ya haramta bautar phi, ya sa aka rushe wuraren tsafi, aka gina ɗakin ibadar Buddha a kan wani babba daga cikinsu a birnin Luang Prabang. Wanda ya san Tarihin Kano zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Littafin ya faɗi yadda Barbushe ke shiga wurin Tsumburbura a gindin Dala, ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Ya faɗi yadda Sarki Tsamiya ya fasa wurin, da yadda Wangarawa suka kawo Musulunci zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Bai ɓoye cewa ɗansa Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya yi masa tsanani, ya koma ya nemi taimakon tsafi ba. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sare itacen da ake girmamawa aka yi masallaci a wurin. Duk da haka sai ga Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka, har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Tsakanin Rumfa da Photisarath 'yan shekaru ne, ba su san da juna ba, amma aiki ɗaya suka sa a gaba, kuma dukansu biyu sun gano cewa sare itace ya fi cire tsoronsa daga zuciya sauƙi.

A nan hanyoyin suka rabu. Addinin Buddha na can ya yi sulhu da phi, ya bar musu gona da jinya da haihuwa, shi ya riƙe lahira. Wani masani ɗan ƙasar Siri Lanka, Stanley Tambiah, ya zauna a wani ƙauye na arewa maso gabashin Tailan, ya fitar da littafi a 1970 yana nuna yadda mutum ɗaya zai kai sadaka ga malamin Buddha da safe, da yamma ya kai kaza ga mai tsaron gari, bai ga wani karo a ciki ba. Musulunci ba ya karɓar irin wannan rabon gado, kuma ni ba na roƙon ya karɓa. Ina faɗin haka a sarari saboda na san akwai wanda tun daga kanun rubutun nan ya fara wasa wuƙa. Ni Musulmi ne, na yarda akwai aljanu domin Alƙur'ani ya tabbatar da su har da sura guda, na kuma yarda yanka don waninSa shirka ne. Ba na kewar girka, ba na son a dawo da zubar da jini a gindin tsamiya.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mun haɗa barin abu da mance shi, alhali magabata ba su haɗa ba. Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, sunayensu da wurarensu da ƙabilun da ke bauta musu. Albiruni ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta addinin Indiyawa dalla-dalla kusan shekara dubu da ta wuce. Shaharastani ya tattara aƙidun duniya a Almilal wan Nihal. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab da Ihya'us Sunna, sai da ya zayyana abin da mutanen ƙasar Hausa ke yi kafin ya yi hukunci a kansa, kuma albarkacin haka ne muka san wasu al'adun da suka shuɗe. Malamin da ya rubuta Tarihin Kano bai ji tsoron ambaton Tsumburbura ba. Mu ne, jikokinsu masu digiri, muke ganin kamar faɗin sunan Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi ko Inna zai karya mana alwala. Sakamakon shi ne duk ɗalibin da ke son sanin abin da kakanninsa suka yi imani da shi sai ya nemi Tremearne na 1914, ko Joseph Greenberg wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya wallafa littafinsa a 1946, ko Fremont Besmer na 1983, ko Guy Nicolas da ya yi aiki a Maraɗi. Sun yi ƙoƙari, amma baƙi ne, kuma baƙo ko ya buɗe ido akwai lungun da ba ya gani. Malaman sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce masu daraja a kan bori da tsafi da camfi, sai dai yawancinsu suna kwance a kundayen digiri, ƙura na cin su.

Yankinmu kuma ya fi wasu hasara, domin mu a bakin iyaka muke. Daga kudu ga duwatsun Ningi, inda malaman da suka yi hijira daga ƙasar Kano a shekarun 1840 suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka daɗe suna gwabzawa da Kano da Bauchi. Har yau akwai Warjawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ga Fulani, ga Hausawa, ga zuriyar waɗanda yaƙi da bauta suka gauraya. Kowane rukuni ya zo da nasa sani game da daji da dutse da ruwa. Ka je kasuwar Sara ranar cinta ka tsaya wajen masu saiwoyi, za ka ji sunayen itatuwa da cututtuka waɗanda babu su a ƙamus. Masu wannan sani tsofaffi ne, kuma 'ya'yansu suna jin kunyar gadonsu.

Da mantuwar ta share komai da komai, da sai in ce an yi asarar tarihi kawai, in yi shiru. Amma ba haka ta yi ba. Ta kwashe waƙa da kiɗa da sunaye da ka'idoji, ta bar mana tsoro tsirara. Kuma mafi munin abin da ta bari shi ne maita.

Su ma Tai suna da tasu. Suna kiranta "phi pop", wani mugun abu da ke zaune a cikin mutum, yana fita ya shiga wani ya cinye masa kayan ciki. A ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan da Lawos, wanda aka zarga da shi yakan fuskanci jifa da ƙaurace masa, har a kore shi daga gari, kuma sau da yawa mace ce ko wanda ba shi da gata. Ka ga ashe ba farin zare da furanni kaɗai ke cikin gadon nasu ba. Amma su aƙalla sun riƙe ɓangarori biyun, mai kora da mai tarawa. In khwan ɗin mutum ya gudu, mafi yawan lokuta ba a neman wanda ya sace shi, taruwa ake yi a kira shi. Mu kuwa in aka ce kurwa ta tafi, tambaya ta farko ita ce: wa ya kama?

Na ga amsar wannan tambaya da idona, a wani ƙauye da ba zan ambata ba, ƙarshen wata damina. Yaro ɗan shekara shida ya kwana uku da zazzaɓi, ranar ta huɗu ya fara sanƙarewa yana juya ido yana sambatu. A cikin sambatun, ko dai ya kira sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ko kuma an yi ta jera masa sunaye har ya yi ƙara a kan nata, ya danganta da wanda ka tambaya. Tsohuwar ba 'yar garin ba ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu, 'ya'yanta maza biyu sun rasu suna ƙanana, wanda shi ma aka lissafa cikin hujjoji. Tana sayar da daddawa, kuma an ce ta taɓa ba yaron ƙuli-ƙuli. Kafin la'asar samari sun cika ƙofar ɗakinta. Aka fito da ita, aka ce sai ta tsallaka yaron ta sakar masa kurwa. Tana rantsuwa da Allah, wata mata na yi mata tofin "kurwata kur". Cikin masu ihun akwai waɗanda suka gama sakandare, akwai wanda ke jan sallah in liman ba ya nan. Ba ɗayansu da zai yarda ya zauna inda ake kaɗa garaya, domin shirka ce. Amma tuɓe tsohuwa a gaban jama'a bisa sambatun mai zazzaɓi bai zame musu komai ba.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ban yi jarumtaka a ranar ba. Na tsaya a baya ina cewa a yi haƙuri, da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Wanda ya cece ta wani dattijo ne, tsohon maharbi, irin mutanen da ake raɗe-raɗin suna da "abubuwa". Ya ratsa taron da sandarsa, ya dubi yaron, ya ce shi ya san kamun maye ya san shawara ya san zazzaɓin damina, wannan ba kamu ba ne, a nemo babur a kai shi asibiti, wanda kuma ya ƙara taɓa matar nan shi da shi ne. Suka ja da baya, ba don sun gamsu ba, don suna tsoronsa. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau ƙwaƙwalwa. Aka yi masa allurai, ya tashi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. A tsohon tsari, da duk ɓatansa, zargin maita yana da masu shi: akwai Sarkin Mayu, akwai boka, akwai mai gari, akwai matakan da ake bi kafin a nuna mutum da yatsa. Ban ce adalci ne ba, an zalunci mutane da yawa a cikinsa. Amma mun rushe wannan, ba mu maye gurbinsa da shari'ar Musulunci wadda ke neman shaida ta kuma haramta zato ba, ba mu maye shi da asibiti ba, sai muka bar hukunci a hannun duk wanda ya fi ƙarfin murya. Dokar Penal Code da ke aiki a Arewa tun 1960 ta mai da zargin mutum da maita laifi, amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin haka? A Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane bisa irin wannan zargi, abin da ke nuna ba mu kaɗai ke fama ba. Sai dai ƙudurin Janeba ba ya isa ƙofar ɗakin mai daddawa. Huɗubar Juma'a ita ke isa, kuma a shekarun da na yi ina sauraron huɗuba, na ji an yi ta a kan bori ba adadi, ban ji an keɓe guda a kan haramcin kiran Musulma mayya ba. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali su ma suna cikin wannan layi, sunan kawai aka sauya: da a kai su girka, yanzu a kai su inda za a yi ta dukan aljani a jikinsu, alhali akwai ƙwayar da za ta tsayar da faɗuwar.

Akwai wata asarar kuma da ban so in wuce ba. A ƙauyukan Tai na arewa maso gabashin Tailan akwai kurmin kakanni da ba a sara, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 wasu malaman Buddha suka fara ɗaura wa manyan itatuwa rawayar rigarsu don masu sara su ji nauyi. Mu ma tsoron iska ne ya tsare mana manyan tsamiyoyi da kukoki shekara aru-aru. Da tsoron ya tafi, bai bar magaji ba, sai mai gawayi. Addininmu yana da isassun dalilai na hana ɓarnar itace waɗanda ba su buƙatar aljani, amma ba mu ɗauko su ba. Tsamiyar da kakata ke hana mu zama a gindinta da tsakar rana, buhu nawa ta bayar ban sani ba, kututturenta dai yana nan.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su ɗauki wayoyinsu su shiga Surko da Wurno da Kila da Farin Dutse da Basirka, su zauna da tsofaffin maharba da ungozomai da makaɗa, su naɗi abin da suka sani, a rufe sunan wanda ba ya son a ambace shi. Makarantun yankin su riƙa kai yara duwatsun nan ko sau ɗaya kafin su gama firamare. Masarautar Dutse ta gargaɗi dagatai da masu unguwanni cewa duk inda aka taru a kan wata da sunan maita, su za a fara tambaya. Malamanmu kuma, waɗanda jama'a ke jin maganarsu fiye da ta kowa, su faɗa a kan mumbari cewa sanƙarewar yaro da damina asibiti take nema a daren, ba sunan maƙwabciya ba.

Tsohuwar nan ba ta ƙara kwana bakwai a garin ba. Babu mai sayen daddawarta, yara na gudu in ta doso rijiya. Wata 'yar ɗan'uwanta ta zo daga wajen Gwaram ta kwashe ta da 'yan komatsanta a bayan a-kori-kura. Yaron yanzu saurayi ne, yana sana'ar gyaran waya, na tabbata ba a taɓa gaya masa ba. Maharbin kuwa na koma wajensa bara da niyyar in naɗi maganarsa, na tarar an yi sadakar arba'in ɗinsa da mako biyu. Na tambayi ɗansa ko ya bar wani abu, ya ce akwai wata tsohuwar jaka da layu da ƙahoni, sun ƙone ta tun ranar uku.